Tarin Gajerun Labarai Gidan Haya Ne

Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya mai ɗakuna da yawa, irin waɗanda suka cika Fagge da Sabon Gari a Kano, ko Tudun Wada a Kaduna, ya san ƙofar shiga ɗaya ce, amma rayuwar da ke ciki ba ɗaya ba ce. Da ka wuce zaure sai ka tarar da ɗakuna a jere suna kallon juna, kowanne da labulensa da takalman da aka tuɓe a bakinsa. Wannan na tela ne, kekensa ba ya yin shiru sai dare ya raba. Na kusa da shi na amarya da ango ne, turaren wuta na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ga na wata dattijuwa mai ƙosai wadda kan riga ladan tashi. Can ƙurya akwai ɗan sandan da ba a cika ganinsa da rana ba, akwai kuma malamin da ake sallama da shi cikin dare, wanda yaran gidan ke raɗa wa juna cewa yana magana da mutanen ɓoye. Babu wanda ya zaɓi wani a cikinsu. Famfo ɗaya suke bi layi, igiyar shanya ɗaya, mita ɗaya suke haɗa wa kuɗin wuta. In magariba ta yi, ƙamshin miyar kuka da na agushi da na wake da manja su haɗu a tsakar gida, har ka rasa daga wace tukunya kowanne ya taso.

Haka littafin da ya tara gajerun labarai na marubuta daban-daban yake, musamman idan ba a ɗaure su da jigo ɗaya ba. Bango ɗaya ya rufe su, suna ɗaya aka rubuta a goshin littafin, amma a ciki wani yana ba ka dariya, wani yana tayar maka da tsikar jiki, wani yana zancen so, wani kuma ƙurar siyasa yake kaɗa maka a ido. Yawancin masu cewa irin wannan littafi ba ya yi musu daɗi, shigarsa suka yi kamar gidan gado, alhali gidan haya ne.

Dogon labari na marubuci ɗaya shi ne gidan gado. Maigida ɗaya ne, duk wanda ka gani a ciki jini ɗaya ne ko suruki, in ka yi sallama sau ɗaya a zaure ka gama, sauran sai zama da sabo. Ko tarin labarai na mutum ɗaya bai yi nisa da haka ba. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin littattafai uku a ƙarshen shekarun 1930, cike yake da labarai iri-iri, na sarakuna da na ɓarayi da na wawaye da na dabbobi, wasunsu ma tushensu daga ƙasashen Larabawa ko Indiya ko Turai ya ɗebo. Duk da haka hannu ɗaya ne ya sassaƙa su, bakin aku ɗaya ya fi ba da su, kuma in ka saba da raha da kaifin harshen Imam a labarin farko, za su raka ka har shafin ƙarshe. A littafin marubuta da yawa babu wannan sabon. Kowace ƙofa sai ka sake sallama, sai ka sake koyon yadda mai ɗakin ke magana, abin da ke ba shi dariya da abin da ba a taɓa masa.

Littafin da na fi ganin wannan a cikinsa shi ne A Memory This Size and Other Stories, tarin labaran gasar Caine na shekarar 2013. Ita wannan gasa an fara ta a 2000, domin gajerun labarai na marubutan Afirka da aka buga da Turanci, kuma wanda ya yi nasara kan karɓi fam dubu goma. Leila Aboulela ta Sudan ce ta fara cin ta, sai Helon Habila, ɗan Kaltungo ta jihar Gombe, ya ci a 2001. Kowace shekara akan haɗa labarai biyar da suka kai zagayen ƙarshe, a ƙara da waɗanda aka rubuta a taron bitar da gasar ke shirya wa marubuta, a fitar da su littafi guda. Bitar 2013 a Uganda aka yi ta. A wannan shekara huɗu daga cikin biyar ɗin 'yan Nijeriya ne: Tope Folarin, wanda ya yi nasara, da Chinelo Okparanta, da Elnathan John, da Abubakar Adam Ibrahim. Na biyar shi ne Pede Hollist na Saliyo. Ba su haɗu sun shirya abin da kowa zai rubuta ba. Kowa a inda yake ya yi nasa, alƙalai suka zaɓa, aka ba kowa makullin ɗakinsa.

Ɗakin da Bahaushe zai fi saurin ɗaga labulensa shi ne na Elnathan John, haifaffen Kaduna, domin ko sunan labarin ma namu ne: Bayan Layi. Yaro ne mai suna Ɗantala ke ba da labarin da bakinsa. Mahaifinsa ya kawo shi karatun allo, ya gama, maimakon ya koma gida sai ya faɗa cikin yaran da ke kwana a gindin kuka, masu shan wiwi, masu alfahari da faɗan da suka yi da jinin da suka zubar. Babbansu Banda ne, shi ke kare Ɗantala, shi ke karɓo musu kuɗi daga 'yan siyasa. Zaɓe ya zo, ƙaramar jam'iyya ta ɗauke su aikin manna fasta da tara jama'a, aka faɗi sakamako bai yi wa masu gidansu daɗi ba, sai aka sake ba su kuɗi da fetur. Abin da ya biyo baya duk wanda ya ga tarzomar bayan zaɓen Afrilun 2011 a Kaduna da Zariya da Kano ba sai an zana masa ba.

Abin da ya sa labarin ke kama wuya shi ne yaron ba ya kuka, ba ya wa'azi, ba ya neman a tausaya masa. Yadda zai gaya maka ya ci ƙosai, haka zai gaya maka an sari mutum. Marubucin bai tsaya a gefe yana nuna mana laifin iyaye ko na gwamnati ba, ya bar muryar yaron ta yi aikin, kuma sanyin wannan murya ya fi kowace huɗuba zafi. Mu da muke wuce irin waɗannan yara kullum a bakin tasha da gindin gada, mun saba kiransu da suna ɗaya a dunƙule. Labarin ya tilasta mana zama da ɗaya daga cikinsu, mu ji yana da uwa a ƙauye, yana da ayoyin da ya haddace, yana da wanda yake ƙauna kamar yayansa. Ɗaki ne mai ƙauri da hayaƙi, ba a fitowa daga cikinsa da riga mai tsabta.

To ka fito daga nan, idonka na yaji, sai ka ɗaga labulen Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ka shiga The Whispering Trees. Nan ma Arewa ce, sunayen ma namu ne, amma iskar ɗakin daban take. Salim saurayi ne ɗalibin likitanci, yana shirin auren Faulata, sai haɗarin mota ya ɗauke masa mahaifiya ya kuma ɗauke masa gani. Rabin farko na labarin ɗaci ne zalla: mutumin da ya ga rayuwarsa a shimfiɗe, yanzu sai an riƙe masa hannu, yana huce haushinsa a kan masu jinyarsa. Daga nan labarin ya karkata zuwa wani kurmi da yara ke tsoro tun suna ƙanana, inda ake cewa itatuwa na raɗa, inda wani abokin ƙuruciyarsa ya rasu. Salim ya fara ganin abin da masu ido ba sa gani.

A nan ne mai karatu da yawa kan yi tuntuɓe. Wanda ya shigo da ma'aunin Bayan Layi a hannunsa zai ce wannan kuma wane irin zance ne, yanzu muke cikin gaskiya tsirara, sai a kawo mana rayuka da itatuwa masu magana. Amma laifin ba na labarin ba ne. A gidan haya ba ka shiga ɗakin malam yadda kake shiga na tela. A na tela ka iya faɗawa da wasa da ƙarar murya, ka zauna a kan tebur. A na malam sai ka tuɓe takalmi, ka rage murya, ka jira a ba ka wuri. Labarin gaskiyar rayuwa tambayar da ake yi masa ita ce, haka abin yake faruwa? Labarin al'ajabi kuwa ba a yi masa wannan tambaya. Abin da ake tambayarsa shi ne, dokar da ka kafa wa duniyarka, ka tsaya a kanta? Kuma abin mamakin da ka kawo, ya buɗe mana wani abu game da ɗan Adam ko ado ne kawai? Da wannan ma'auni labarin Abubakar ya tsaya da ƙafarsa, domin ganin da Salim ya samu bai zo masa kyauta ba, sai da ya rasa duk abin da yake taƙama da shi. Mu kuma da muka tashi da tatsuniya da labarin kukoki masu aljanu, bai kamata a ce wannan ɗaki ya yi mana baƙunta ba.

Sai dai babban abin da gidan haya ke da shi wanda gidan gado ba shi da shi, shi ne maganar da ke ratsa bango. Kana ɗakinka kana jin rediyon maƙwabci, kana jin kukan jaririnsa, wani lokaci ma addu'ar wani ta haɗu da waƙar wani a kunnenka su zama abu na uku da babu wanda ya yi niyyarsa. Labarin Tope Folarin, Miracle, a Texas ta Amurka yake faruwa, cikin wata majami'ar 'yan Nijeriya mazauna can. An gayyato wani mai wa'azi makaho da ake cewa yana warkar da marasa lafiya, jama'a sun cika, kowa da buƙatarsa: takardar zama, aikin yi, kuɗin aika wa gida. Labarin ya fara da bakin jama'a gaba ɗaya, yana cewa mu, mu, kafin ya tsuke ya koma bakin yaro ɗaya mai tabarau wanda makahon ya fiddo gaban taro zai gyara masa ido. Yaron ya san idonsa bai canja ba. Ya kuma ga idanun mahaifinsa da na dukan taron a kansa, mutanen da in aka ce yau babu mu'ujiza, da wuya su iya tashi gobe su koma aikin wahala. Abin da zai faɗa a wannan tsayuwa shi ne zuciyar labarin.

Yanzu ka duba abin da ya faru. Folarin a Amurka aka haife shi, Abubakar a Jos, babu alamar ɗaya ya san abin da ɗaya ke rubutawa. Amma ga makaho a ɗakin nan, ga makaho a ɗakin can. Ɗaya ya rasa ido ya sami gani na gaske wanda ba mai shaida masa. Ɗaya yana raba ganin da ba shi da shi, taro guda na shaida masa. Ɗaya labarin ya yarda da gaibu ya shiga cikinsa da gaske, ɗaya yana kallon masu neman gaibu da tausayi ba tare da ya yarda an ga komai ba. In ka karanta kowanne shi kaɗai a mujalla, labari ne mai kyau. In ka karanta su a rufi ɗaya, sai su fara gardama da juna a cikin kanka, kan mene ne gani, kuma wa ke da shi. Wannan gardama babu marubucin da ya rubuta ta, zaman tare ne ya haife ta, kuma saboda ita nake sayen irin waɗannan littattafai.

Akwai wasu ƙofofi biyu da su ma ke kallon juna. A Foreign Aid na Pede Hollist, wani Balogun ne ya tafi Amurka, ya gyara sunansa ya koma Logan, bayan shekaru masu yawa ya dawo Saliyo da akwatuna da daloli da yaƙinin cewa shi ne maganin matsalar danginsa. Labarin barkwanci ne mai cizo, kuma shi ya fi sauran tsawo, har a ganina ya ɗan wuce inda ya kamata ya tsaya. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan'uwa ya dawo daga waje yana gyara wa mutane zama a gidan ubansu zai yi dariya, kafin dariyar ta koma tausayi yayin da kuɗin ke zurarewa, girman na bin su. A America na Chinelo Okparanta kuwa, wata malamar makaranta ce daga Fatakwal take cikin mota zuwa Legas neman biza. Dalilin da ta tanadar wa ofishin jakadanci shi ne karatu a kan gurɓatar muhalli, tana kafa hujja da malalar mai ta Tekun Meziko ta 2010, ita da ta fito daga yankin da mai ya daɗe yana kashe kifi da gonaki ba wanda ya ɗaga kai. Dalilin da ke zuciyarta kuwa wata mace ce da ta riga ta tafiya can. Wannan ɓangare ba zai kwanta wa yawancin masu karatunmu ba, kuma ba sai sun yi kamar ya kwanta musu ba. A gidan haya akwai maƙwabcin da ba ka bin hanyarsa, ba ka cin abincinsa, amma ka san da zamansa, ka san shi ma yana da uwa da ke kuka in zai yi tafiya. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda labaran biyu suka zama kamar mai ɗaure kaya da mai kwance kaya a tsakar gida ɗaya: ita tana ganin in ta isa can ta huta, shi ya je ya dawo bai sami wurin zama a ko'ina ba.

Sauran ɗakunan su ne na labaran bita. A irin wannan sashe na kowane tari za ka tarar da wanda ya ƙware da wanda hannunsa bai gama faɗawa ba. Wannan ba aibi ba ne da zai sa a ajiye littafin. Ba a taɓa gidan haya da kowane ɗaki ya yi maka ba, kuma karin maganar nan ta kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura, kamar don irin wannan littafi aka yi ta. Labarin da ka tsallake da gundura, shi wani zai ce ya biya masa kuɗin littafinsa.

Gajeren labari ɗaki ɗaya ne, ba ciki da falo ba. Mai ɗaki ɗaya ba shi da sito da zai jibge tarkace, gado da akwati da risho da buta duk sai sun sami wuri, abin da bai zama dole ba kuwa sai a bar shi a waje. Shi ya sa da ka leƙa ɗakin mutum kake sanin abin da ya fi daraja a wurinsa. Marubucin dogon labari yana da sararin yin shafi ashirin kafin ya kama ka. Na gajere in ya ɓata sakin layi biyu ya yi asara. Don haka karatunsa ma ba a yi masa gaggawa. Wanda ya zauna ya shanye labari shida a zama ɗaya, kamar wanda ya zaga ɗaki shida ne cikin minti goma, in ya fito ba zai iya gaya maka wa ke da jariri wa ke da mara lafiya ba. Ni dai abin da na ga ya fi shi ne in an gama labari a rufe littafin, a ɗan tsaya a tsakar gida, a bar muryar wancan ta lafa kafin a ɗaga labule na gaba. Ba dole ne a bi ɗakunan a jere ba, ko da yake wanda ya tsara littafin yakan yi tunani kafin ya ajiye wane kusa da wane, kuma yana da kyau a ba tsarinsa dama ko sau ɗaya.

Sannan a riƙe suna. Wannan ne haƙƙin da masu karatun tari suka fi tauyewa. Sai ka ji mutum na cewa akwai wani labari a littafin nan na wani yaro da ƙone-ƙone, ka tambaye shi wa ya rubuta, ya ce oho. Alhali amfanin zaman haya ke nan, a nan ake haɗuwa da mutumin da za a yi zumuncin shekaru da shi. Wanda ya riƙe sunan Elnathan John a 2013, da littafinsa Born on a Tuesday ya fito a 2015 zai gane Ɗantala ne ya girma, domin Bayan Layi shi ya zama babin farkonsa. Wanda ya riƙe na Abubakar Adam Ibrahim bai yi mamaki ba da Season of Crimson Blossoms ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala dubu ɗari a 2016. Okparanta ta fitar da Under the Udala Trees a 2015, Folarin ya fitar da A Particular Kind of Black Man a 2019. Dukansu daga ɗaki ɗaya suka fara kafin su gina nasu gidan. Mu Hausawa ma muna da dalilin kula da wannan. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda aka buga cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, ya tara tatsuniyoyi da labaran tarihi da karin magana da wasiƙu waɗanda malamai da yawa suka rubuta da ajami, amma sunan Frank Edgar ne a bango, shi duniya ta sani.

Ba zan ɓoye abin da ke damuna game da gidan Caine ba. Mai gida shi ke kafa sharaɗin haya, kuma sharaɗin farko a nan shi ne Turanci. Labarin da aka rubuta da Hausa ko Suwahili ko Yarabanci ba ya samun ɗaki sai an fassara shi an buga. A Ingila ake yanke hukunci, a can ake ba da kyautar. An daɗe ana ƙorafin cewa hakan na jan marubuta su riƙa kawo irin Afirkar da baƙo ke son gani, ta yunwa da yaƙi da yaran titi, kuma Helon Habila da kansa, wanda ya taɓa cin gasar, ya tayar da wannan magana a wani sharhi da ya rubuta a jaridar Guardian ta Landan a 2013. Ƙorafin yana da tushe. Amma abin da zan ce shi ne, tari mai nau'i da yawa shi ne maganin wannan cuta. Da Bayan Layi kaɗai baƙo ya karanta, zai ce Arewa ke nan. Da yake ga Salim da Faulata a gefensa, dole ya san cewa a ƙasa ɗaya ake ƙona ofishin jam'iyya, a cikinta kuma ake soyayya da jinya da mafarki.

Wannan ya kawo ni gida. Ƙagaggen labarin Hausa na boko tun ranar da aka haife shi nau'insa da yawa ne. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam mai yawon duniya da raha, da Ganɗoki na Bello Kagara mai yaƙi da jarumtaka, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa mai tarihi da zafin bauta, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo mai dabarun ɓarayi, da Jiki Magayi na John Tafida da East mai so da ramuwar gayya. A 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Bature Gagare ya kawo ta'addanci da makamai a Ƙarshen Alewa Ƙasa a farkon shekarun 1980. Daga baya adabin kasuwar Kano ya cika gari, Balaraba Ramat Yakubu na tone zaman gidan aure, Ado Ahmad Gidan Dabino na soyayya, Nazir Adam Salih na abin tsoro da sarƙaƙiya, Abdul'aziz Sani Madakin Gini na yaƙi da matsafa. Ba mu rasa masu haya ba ko kaɗan.

Abin da na lura da shi shi ne masu karatunmu kowa ya kulle kansa a ɗaki ɗaya. Mai karanta soyayya ita kaɗai take bi, daga na ɗaya zuwa na huɗu, da a shagon hayar littafi, yanzu a WhatsApp da Wattpad. Mai karanta littafin yaƙi yana ganin na soyayya na mata ne. Ɗan jami'a yana raina su duka biyun, su kuma suna ganin nasa karatun jarrabawa ne. Ba wanda zai fitar da kuɗinsa ya sayi cikakken littafi a nau'in da bai saba ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma in labari ne mai shafi takwas, yana cikin littafin da ya riga ya saya saboda wata marubuciya da yake so, zai leƙa. A nan ake kamuwa. Yarinyar da ta zo don labarin amarya ta fita da sha'awar labarin bincike, saurayin da ya zo don takobi ya tarar labarin wata bazawara ya hana shi barci.

Gajerun labaran kuwa akwai su jibge. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, ta nuna haka. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara cin ta da Sansanin 'Yan Gudun Hijira, a 2022 kuma Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ta ci da Garar Biki, abin da ya tabbatar cewa alƙalamin Hausa bai san iyakar Jibiya da Maraɗi ba. Sai dai gasa kan fifita labarin matsalar zamantakewa, kuma tarin da ƙungiyoyi ke fitarwa sau da yawa jigo ɗaya ake ba kowa, a ce a rubuta a kan shaye-shaye ko auren dole ko zaɓe. Yana da amfaninsa, amma gida ne da duk masu hayarsa sana'arsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya, babu muryar da za ta ratsa bango ta ba ka mamaki.

Kirana ga ƙungiyoyin marubuta na Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Damagaram, da masu buga littattafai, da sassan Hausa na jami'o'inmu, shi ne a riƙa fitar da tari ko da ɗaya ne a shekara wanda ba a ɗaure shi da jigo ba. A sa na soyayya kusa da na aljanu, na barkwanci kusa da na bincike, na kimiyya kusa da na tarihi. A ba tsohon hannu ɗaki, a ba wadda ba ta taɓa bugawa ba na kusa da shi. A nemo daga Nijar da zangon Kumasi da Kamaru, kowa da karin harshensa, kada a goge masa shi. A sami edita mai tsayawa ya tace, wanda zai iya ce wa babban marubuci wannan bai nuna ba. A rubuta sunan kowa baro-baro a kan labarinsa, a kuma biya shi haƙƙinsa. Kai kuma mai karatu, in irin wannan littafi ya zo hannunka, kada ka tsaya ga marubucin da ka sani, ka fara da wanda ba ka taɓa jin sunansa ba.